Yaron da Ya Ce "Lakwal"



A azuzuwanmu na Jibiya akwai yaran da suka tsallako daga Ɗan Isa da Maraɗi. Idan ɗayansu ya ce "lakwal" maimakon makaranta, ko ya kira malami "mushe", sai aji ya fashe da dariya, mu ma mu murmusa. Daga ranar bakinsa ya mutu.

Ingila da Faransa ne suka shata wannan iyaka, kowacce ta bar harshenta da tsarin karatunta. Amma har yau Sarkin Katsina ake kiran Sarkin Maraɗi, kuma durƙusonmu gaban manya iri ɗaya ne.

Saboda haka mu rubuta kalmar yaron a allo kusa da tamu, ya koya wa 'yan'uwansa. Allah ya ba mu ikon riƙe amana.