Wa Zai Biya Kuɗin Asibiti? Jawabin da Aka Gabatar a Babban Taron Shekara na Ƙungiya

 

An umarce mu da mu yi bayani a kan muhawarar da ake yi a duniya game da kuɗin magani, wato ko hukuma ce ya kamata ta ɗauki nauyin lafiyar kowa daga cikin harajin da take tarawa, ko kuwa a bar kowane mutum ya sayi inshora a wurin kamfani gwargwadon aljihunsa. Wannan magana ta shafi kowa a zauren nan. Da wuya a sami ɗan garin nan mai aiki a Kano ko Kaduna ko Abuja ko Legas da bai taɓa samun waya cikin dare ba, a ce masa an kai wance asibiti, haihuwa ta zo da gardama, likita ya ce sai an yi aiki, kuma sai an ajiye kuɗi kafin a taɓa ta. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa a kan lafiya a Nijeriya daga aljihun majiyyata da danginsu yake fitowa. A garinmu ma'anar wannan adadi ita ce a sayar da tinkiya, ko hatsin da aka ajiye don damina, ko a jinginar da gona.

Ƙasashe biyu ake yawan kafa hujja da su. Ingila ta buɗe tsarinta na NHS ranar 5 ga Yuli 1948, a hannun ministan lafiya Aneurin Bevan, shekaru uku kacal bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da baitulmalinta ke fama da bashi. Attajiri da lebura suna ganin likita ba tare da biyan ko kwabo a bakin ƙofa ba, domin haraji ya riga ya biya. Aibin da ake jingina masa shi ne jira: a 2023 jerin ayyukan asibiti da ake jira a Ingila ya haura miliyan 7. Amurka kuwa ta dogara ga kamfanoni, mafi yawan ma'aikata ta wurin aikinsu suke samun inshora. Duk da haka, a 1965 gwamnatin Lyndon Johnson ta kafa Medicare don tsofaffi da Medicaid don matalauta, saboda kamfani mai neman riba ba ya ɗokin wanda ya tsufa ko wanda ba shi da abin biya. Dokar Shugaba Obama ta 2010 ta hana kamfanoni ƙin karɓar mutum don yana da tsohon ciwo. Ƙasar tana kashe wajen kashi 17 cikin 100 na arzikin da take samarwa a kan lafiya, fiye da kowace ƙasa mai arziki, amma a 2023 mutum fiye da miliyan 25 ba su da inshora ko kaɗan.

Masu goyon bayan kamfanoni suna da hujjar da ba za mu raina ba. Suna cewa abin hukuma ba shi da mai shi, kuma duk wanda ya taɓa kwana a barandar babban asibiti yana jiran gado ya san abin da suke nufi. Amma a lura da wanda kamfani ke nema: mai albashi, wanda za a cire kuɗin daga asusunsa kowane wata ba tare da an bi shi ba. Manomin da kuɗi ke shigo masa sau ɗaya a shekara, da kaka, ba ya cikin lissafinsu.

Abin takaicin shi ne, tsarin hukumarmu ma da wannan ƙafar ya fara. An yi dokar NHIS a 1999, aka ƙaddamar da ita a 2005 zamanin Shugaba Obasanjo, aka soma da ma'aikatan gwamnatin tarayya. Ma'aikaci da matarsa ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18 ne ke shiga, majiyyaci ya biya kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani. (Wanda ya tsara mace ɗaya da 'ya'ya huɗu, da alama bai taɓa leƙa gidajenmu ba.) Aka kuma sanya kamfanonin da ake kira HMO a tsakani, su karɓi kuɗi daga hukuma su biya asibitoci. Asibiti yana karɓar ƙayyadadden kuɗi a kan kowane mai rajista duk wata, ko ya zo ko bai zo ba, don haka ba abin mamaki ba ne idan mai kati ya ji an ce masa maganin nan babu, sai ya saya a waje. Bayan shekaru fiye da goma sha biyar, mafi yawan 'yan ƙasa suna wajen tsarin. A watan Mayu 2022 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar da ta maye gurbinta da hukumar NHIA, ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa, ta kuma tanadi asusu na musamman don marasa galihu. Wajabtawa a takarda abu ne mai sauƙi. Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja tun 2001 cewa za su ba lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi, kuma kasafin tarayyarmu bai taɓa kai wa nan ba.

Maƙwabtanmu sun isa darasi. Ghana ta yi dokarta a 2003 zamanin Shugaba Kufuor, ta ɗora kashi 2.5 cikin 100 a kan harajin saye da sayarwa, don haka duk wanda ya sayi kaya ya zuba wani abu, 'yan uwanmu na zangon Kumasi da Ankara suka sami shiga ba tare da takardar albashi ba. Nijar ta ayyana magani kyauta ga yara 'yan ƙasa da shekara 5 a 2006, amma hukuma ta yi ta jinkirin mayar wa asibitoci kuɗinsu, har magunguna suka riƙa yankewa. Ghana ma ta sha fama da irin wannan bashin. Abin da muka fahimta shi ne tsarin da ya haɗa kowa ya fi dacewa da mutanenmu, da sharaɗin kuɗin su isa hannun mai magani a kan lokaci, kuma a sami masu sa ido.

Mun san akwai masu ɗari-ɗari da kalmar inshora saboda addini, kuma ba a banza ba. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1985, ta hana inshorar kasuwanci saboda garari, ta halatta ta taimakekeniya, inda jama'a ke zuba kuɗi da niyyar gudummawa ga duk wanda larura ta same shi. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurin mutanen da suka san gayya da adashi. Bambancinsa da adashi shi ne ba kowa ke ɗauka ba, kuma wanda shekara ta zagayo bai ɗauka ba shi ne ya fi kowa cin riba, tunda ya sami lafiya. Sauran bayani muna barin sa ga malamanmu da ke zaune a nan, su ne masu fatawa.

To, ina ƙungiyarmu ta tsaya? A halin yanzu muna taimako ne bayan ciwo ya ci ƙarfin mutum. Sai an kwantar da shi a fara karo-karo, wanda ke da ɗan uwa mai faɗa a ji a birni ya samu, marainiyar da ba ta da kowa a rasa mai tuna ta. Kuɗin da muke tarawa don majiyyaci ɗaya a irin wannan hali zai iya yi wa gidaje da dama rajistar shekara guda. Jihohi sun kafa hukumomin taimakekeniyar lafiya nasu, Kano alal misali tun 2016, kuma suna karɓar waɗanda ba ma'aikata ba. Muna roƙon majalisar ƙungiya ta tura wakilai ofishin hukumar jiharmu su samo farashi da jerin cututtukan da katin ke ɗauka, a rubuce. Masu unguwanni da limamai su fitar da sunayen zawarawa da marayu da tsofaffi, a karanta su a bainar jama'a don kada siyasa ko son kai su shiga, a fara da su.

Sai dai kati ba ya warkar da kowa idan asibitin da aka rubuta a jikinsa babu ungozoma, babu magani, babu wuta da dare. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don ƙananan asibitoci, da nufin a sami guda mai aiki a kowace mazaɓa, kuma kowace mazaɓa tana da kwamitin jama'a da ke da hakkin sanin yadda aka kashe kuɗin. Cikin 'ya'yan garin nan akwai likitoci da nas-nas da akantoci da lauyoyi, wasunsu mu muka koya musu baƙi da wasali. Muna neman mutum uku daga cikinsu su zauna da wannan kwamiti sau huɗu a shekara, su duba littafin kuɗi da ɗakin ajiyar magani, su kawo wa wannan zaure rahoto a taron baɗi. Sakatare yana riƙe da takarda, masu niyya su ba da sunayensu kafin a tashi.