Ƙofar Gida Mai Fure da Miya

Duk wanda ya zaga unguwannin ma'aikata a Jalingo zai ga an ƙawata gaban gidaje da furanni da ciyawar da ba a ci, a Lau kuwa ƙofar gida sau da yawa fili ne fetal, kuɓewa da yakuwa na can bayan gida kamar abin kunya. Ra'ayina shi ne raba fure da kayan miya ba shi da tushe a ilimin tsirrai, kuma asara ce ga Lau, garin da ke bakin Kogin Binuwai, inda ruwan sama ke sauka daga wajen Afrilu zuwa Oktoba.

Hujjar farko tana cikin tukunyarmu. Kuɓewa da rama da yakuwa dangi ɗaya ne da auduga, haka kuma da furen nan ja mai faɗi da ake saye da tsada a dasa a gidajen manya. Ku dubi furen kuɓewa da sassafe: ruwan ɗorawa mai haske, tsakiyarsa ja wur har ya nemi baƙi, yini ɗaya yake yi ya yanƙwane, bayan kwana huɗu zuwa shida an sami ɗan da za a yanka. Yakuwa tana ba da ganyen miya da damina, da kaka kuma ta yi jajayen ƙoƙunan da ake zoɓo da su. Zogale na fitar da farin fure mai ƙamshi, lalle ma haka, ga shi yana yin shinge. Wanda ya jera waɗannan a gaban gidansa ya riga ya yi ado. Furen da ba a ci ma yana da aikinsa, domin kabewa fure biyu take yi, namiji daban mace daban, in ƙudan zuma bai kai ƙurar wannan ga wancan ba, 'yar kabewar ta zube tun tana ƙarama. Furanni iri-iri su ke jawo ƙudan zuman. Shi kuwa furen marigol, an tabbatar saiwarsa na rage tsutsar da ke sa saiwar tumatir da kuɓewa ta yi ƙulu-ƙulu.

Za a ce mini awaki fa? Wannan ita ce suka mafi ƙarfi, domin akuyar da ke yawo ba ta bambance marigol da alayyafo. Sai dai kakanninmu sun san garka, sun san danga ta kara da shingen aduruku, ba yau aka fara kare shuka daga dabba ba. Bini-da-zugu yana hana awaki, amma 'ya'yansa guba ne, bai kamata ya tsaya inda yara ke wasa ba. Za a kuma kawo zancen ambaliya, kuma mutanen Lau ba su manta da 2012 da 2022 ba, shekarun da Binuwai ya haura gonaki da gidaje, ana ta maganar sakin ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru. To a nan ne ma lambun ƙofar gida ya fi amfani: shuka a buhu ko a kan kunya mai tudu ana iya ɗaga ta ko a sake ta, alayyafo kuma cikin wata guda ya isa tsinka, alhali shinkafar fadama in ta nutse sai baɗi.

Akwai sukar da na yarda da ita: ruwan kwata. Kada a shayar da ganyen da za a ci da ruwan da ya fito daga makewayi, gidan da ke bakin babbar hanya kuma ya sa furanni da lalle a gaba su tare ƙura, kayan miya daga ciki. Dakalin da dattawa ke zama shi ma ba a ce a rushe shi ba, taku biyu a gefen zaure sun isa a yi shuka.

Ina roƙon malaman gona na ƙaramar hukumar Lau, da Jami'ar Jihar Taraba da aka kafa a Jalingo a 2008, su fara da harabar makarantu da asibitoci, su raba iri kafin ruwan farko. Mu kuma masu gidaje, kowa ya gwada buhu biyar a daminar bana.