Daɓe Tukuna, Kafin Leda

Yau maganarmu a kan ƙasan ɗaki ce, wurin da yaranmu ke rarrafe, su tsinci abu su kai baki.

Kada mu ɗauka zancen ƙawa ne kawai. A shekarar 2000 wata jiha a ƙasar Meksiko ta fara zuba wa talakawa daɓen siminti a ɗakunan da ke ƙasa zalla. Binciken da aka buga a 2009 ya nuna gudawa ta ragu da kusan rabi a tsakanin ƙananan yara, kamuwa da tsutsar ciki da ire-irenta kuma ya ragu da kashi 78 cikin 100. Ƙasa tana riƙe ƙazanta da ƙwan tsutsa, tsintsiya ba ta iya kwashe su duka.

To, da yawanmu mukan sayi leda a kasuwa mu shimfiɗa, mu ce an gama. Amma leda riga ce, ba ta gyara abin da ke ƙarƙashinta. Idan ƙasa na da rami, a nan za ta fara yagewa. Idan da laima, leda za ta rufe ta, sai wari da fumfuna, gara kuma ta sami wurin zama.

Saboda haka daɓe ne farko. Mai halin siminti ya cike ɗakin ya daddale shi sosai, har ya ɗara tsakar gida tudu. A shimfiɗa baƙar leda mai kauri kafin zubi, don ta tare laimar ƙasa. Awo ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa. Kada mu roƙi magini ya ƙara yashi don buhu ya kai, daɓen ne zai yi ta gari daga baya. A yi ta yayyafa ruwa har kwana 7. Wanda ba shi da hali kuwa, kada ya raina daɓen iyayenmu. Tsakuwa, madaɓi da ruwan makuba, in mata sun yi gayya sun bugu da kyau, suna ba da ƙasa mai tauri da sumul.

Sai haƙuri, kuma a nan ne aka fi gazawa, musamman in biki ya matso ana son jeren amarya. Sabon siminti yakan bushe a sama alhali cikinsa da ruwa. Mu ba shi aƙalla wata guda, sa'an nan mu gwada: mu manna ɗan yankin leda a ƙasa, mu liƙe gefunansa, ya kwana. In da safe mun ga raɓa a ƙarƙashi ko wurin ya yi duhu, da saura.

Ranar shimfiɗa a share tas, domin tsakuwa ɗaya ta isa ta huda. A warware ledar ta yini a kwance kafin a yanka, a bar ɗan tazara a jikin bango. Kada mahaɗi ya faɗa bakin ƙofa. Ƙafafun gado da kujera a sa musu ɗan katako.

Irin wannan shimfiɗa ta asali, wadda aka fara yi a Ingila wajen 1860, da man tsiro da garin ɓawon itace ake haɗa ta. Ta kasuwanninmu galibi roba ce, ba ta shiri da zafi. Murhun gawayi, dutsen guga, tukunya mai zafi da maganin sauro na kunnawa, kada su taɓa ta. Kananzir ma yana ɓata ta.

Kullum a share, gama yashi ne ke cinye fuskarta. A goge da tsumma mai ɗan danshi da sabulu kaɗan, ban da kwara ruwa: yakan shige ta gefe ya kwanta, ga santsi ga tsofaffi da masu ciki. Da damina mu riƙa ɗaga gefen ledar muna dubawa, a hankali, don kunama tana son wurin. In ta yage a liƙe da gam nan da nan.

Wadda ta tsufa kuma kada a hura wuta da ita. Hayaƙinta guba ne, kuma mai girki da goyon da ke bayanta su ne za su fara shaƙa.