Masu Nutso a Tekun Sanyi

Yau zancenmu a kan wata sana'a ce ta mutanen bakin teku a ƙasashen Turai, watau nutso zuwa wurin jiragen masunta da suka nitse.

Kun san masuntanmu na kogi su kan riƙe numfashi su nutsa, amma ba su daɗewa sai su taso. To, a shekarar 1943 waɗansu Faransawa biyu, Jacques Cousteau da Emile Gagnan, suka ƙago wata dabara. Ana ɗura iska cikin tulun ƙarfe, mutum ya goya shi a baya, ya riƙa shaƙa ta wata mesa da ya kama da baki. Ya kan sa tabarau mai rufe ido da hanci, da takalman roba masu faɗi kamar ƙafar agwagwa, ya ɗaura ɗamarar darma don ta taimake shi sauka.

Sai dai ruwa yana da nauyi. Duk ƙafa 33 da mutum ya sauka, sai a ƙara masa dannawa daidai da ta iskar duniyan nan da ke bisa kanmu. A zurfin ƙafa 100 ta ninka huɗu ke nan, iskar tulunsa kuwa ta kan ƙare da sauri har ninki huɗu. Ga kuma sanyi. Ruwa ya fi iska saurin zuƙe ɗumin jiki nesa ba kusa ba, don haka su kan sa riga wadda ruwa ba ya ratsa ta, da tufafi masu kauri a ciki. Duk da haka yatsu su kan sandare, har kwance ƙulli ya gagari mutum.

Abin da ya sa jirgin masunta ya fi sauran jirage mugunta shi ne tarunsa. In jirgi ya nitse, da tarun ya ke tafiya, ya lulluɓe shi. Tarun zamani na zaren roba ne, ba ya ruɓewa da wuri, a cikin duhun ruwa kuwa da ƙyar ido ke ganinsa. In ya sarƙafe tulun mutum ta baya, inda hannu ba ya kai, ko ya yi ta fizge-fizge sai ƙara ɗaurewa ya ke yi, ga iska tana ƙarewa. Saboda haka ba mai sauka sai da wuƙa da tocila, kuma bibbiyu su ke tafiya, ɗaya ya yanke wa ɗaya. Wanda ya shiga cikin jirgin kuma ya kan ja igiya a bayansa, gama in ƙafarsa ta tayar da laka, ko tafin hannunsa ba zai gani ba, balle ƙofa.

Tasowa ma ba a yin ta da gaggawa. Wata iska da a ke kira naitirojin ta kan narke cikin jini a can ƙasa. In mutum ya taso farat ɗaya, sai ta yi kumfa a jikinsa kamar an buɗe kwalbar lemo, ta shanye masa gaɓoɓi ko ta kashe shi. Su kan taso sannu sannu, in ya rage kamar ƙafa 15 su dakata minti 3.

Watakila wani ya ce, me ya yi zafi? Waɗansu don kallo su ke zuwa, gama kifaye da ƙaguwa su kan mai da mataccen jirgi gidansu. Amma akwai dalilin da ya fi wannan nauyi. Ran 11 ga Janairu, 2000, wani jirgin masu kamun kawa mai suna Solway Harvester ya gamu da hadari kusa da tsibirin Man, tsakanin Ingila da Ailan. Ruwa ya cika ma'ajin kifinsa, ya kife, ya nitse da mutum 7, dukansu daga kudancin Sikotilan. Aka gano shi kwance a zurfin da ya ɗara ƙafa 100. Iyalansu suka ce su dai a kawo musu gawawwakin su binne. Gwamnatin tsibirin Man ta ɗauki nauyin kuɗin. A tsakiyar hunturu gwanayen nutso suka sauka, suka shiga cikin jirgin, suka fito da dukan bakwai ɗin a watan Fabrairu, aka kai su gida aka yi musu jana'iza. Jirgin kansa sai daga baya a cikin shekaran nan aka ɗago shi, aka ja shi zuwa gaɓar tsibirin don masu bincike su duba.