Jarrabawa Ta Koma Kan Kwamfuta: Me Ya Rage Wa Malami?

Jawabin da aka gabatar a taron reshe na ƙarshen zangon karatu



An nemi in yi tsokaci a kan jarrabawar da ake yi a kwamfuta, wadda yanzu ta tare ƙofar shiga jami'a, ta kuma bi ɗalibi har cikin harabarta. A shekarar 2013 hukumar JAMB ta fara gwada wannan tsari, daga 2015 kuwa ta yi sallama da takarda da fensir baki ɗaya. Mu malamai ma ba mu tsira ba, domin tun 2017 hukumar rajistar malamai ta TRCN take gudanar da jarrabawar cancanta a kwamfuta. A 2024 WAEC ta bi sahu, ta soma da masu zana jarrabawar kammala sakandare da kansu ba ta hannun makaranta ba. Jami'ar karatu daga gida ta NOUN ta daɗe a wannan turba, kuma jami'o'i da dama a kwamfuta suke gwada ɗaliban shekarar farko, saboda yawansu ya fi ƙarfin jan biro. Ke nan yaron da muka yaye a Funtuwa ko Malumfashi, ko Zariya ya nufa, ko Dutsin-Ma, ko Katsina, allon kwamfuta na jiransa.

Abin da nake so mu riƙe shi ne, wannan jarrabawa abu biyu take aunawa a lokaci guda: abin da yaro ya sani, da kuma sabon hannunsa da na'ura. Na farko shi ne manufa. Na biyu kuwa shi ke kayar da 'ya'yan manoma ba tare da laifinsu ba.

Jarrabawa irin wannan murhu ce mai duwatsu uku. Dutse na farko tambayoyi. Ba a tsara takarda ɗaya ga kowa. Rumbun tambayoyi ake tarawa, na'ura ta ɗebo ta gauraya, yadda maƙwabcinka ba zai ga abin da kake gani a jere ɗaya ba. Wannan ya rage leƙen amsa, ya kuma sa sakamako na fitowa cikin kwanaki. Amma akwai sharaɗi: dole tambayoyin su yi daidai da juna a nauyi, in ba haka ba sa'a ce za ta raba ɗalibai. Sannan tambayar zaɓi ɗaya cikin huɗu ta fi saurin auna hadda. Malamin da zai gina ta yadda za ta auna fahimta, sai ya zauna ya yi gumi.

Dutse na biyu wuri da kayan aiki: wuta, janareta, sadarwa da manhaja. Mu a wannan yanki ba labari aka ba mu ba. A watan Satumba na 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi goma sha uku na jihar nan saboda matsalar tsaro, har da Funtuwa da Bakori da Malumfashi, aka shafe watanni ana tafiya mai nisa don a aika saƙo ɗaya. Duk wanda zai tsara jarrabawa ta intanet ya tuna akwai ɗalibai masu irin wannan tarihi. Ko inda sadarwa ke da ƙarfi ma na'ura na tuntuɓe. A watan Mayu na 2025 shugaban JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito ya amsa cewa kuskuren manhaja ya ɓata sakamakon ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da kudu maso gabas, aka sake musu zama. Darasin a bayyane yake: a gwada kayan aiki kafin ranar, a tanadi mafita, a kuma buɗe ƙofar ƙorafi ga ɗalibin da ya ce an zalunce shi.

Dutse na uku, wanda yake hannunmu, shi ne ɗalibi. Ina da wata ɗaliba daga wani ƙauye, wadda ba ta taɓa sauka daga ukun farko a ajina ba. Ranar jarrabawa ce ta fara ɗora hannu a kan kwamfuta a rayuwarta. Ta gaya mini kusan kwata na awa ta ɓata tana tsoron ta taɓa abin da zai goge mata komai. Ku duba lissafin: tambayoyi 180 cikin awa biyu, wato daƙiƙa arba'in ga kowace tambaya. Wannan tsoro kaɗai ya cinye mata fiye da tambayoyi ashirin. Ta rasa gurbin da take nema, kuma kafin shekara ta zagayo maganar karatun ta mutu a gidansu. Har yau ina ganin da na zaunar da ita gaban na'ura sau biyu kacal, da labarin ya sauya.

Saboda haka ina roƙon reshe ya ɗauki matakai huɗu. Na ɗaya, kada ɗalibin ajin ƙarshe ya bar hannunmu bai zauna gaban kwamfuta aƙalla sau uku ba. Makarantar da ke da ɗakin kwamfuta ta buɗe wa maƙwabtanta ranar Asabar. Inda babu, kwamfutar hannu ta malami ɗaya ta isa a yi layi. Na biyu, a koya musu madannai: A, B, C, D don zaɓen amsa, N don ci gaba, P don komawa baya, S don miƙa aiki. Ko a allo aka zana su, sun rage fargaba. Na uku, a duba tun da wuri cewa suna da ranar haihuwa da ke lambar NIN sun dace da na makaranta, a kuma ja kunnen 'yan mata kan lalle a yatsu, domin JAMB ta yi gargaɗin yana hana na'ura karanta zanen yatsa. Na huɗu, mu yi wa iyaye magana da kaka, lokacin da masara da auduga suka shiga kasuwa, su ware kuɗin rajista da na jarrabawar gwaji da na mota, tun kafin watan Janairu ya same su hannu wayam.

'Yan'uwa, Hausawa na cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Ba mu da iko a kan wuta ko sadarwa, sai dai mu ci gaba da kai kuka inda ya dace, kuma za mu kai. Amma yaron da ya shekara shida a gabanmu, bai kamata ya fara gaisawa da kwamfuta a ranar da za ta yanke masa hukunci ba. Ina fata kafin mu tashi a yau kowace makaranta ta ba da sunan malami ɗaya da zai riƙe wannan aiki.

Allah Ya yi mana jagora.