Nonon Ƙwarya da Mai Ciwon Hanji



Tambayar da aka ɗora mini ita ce: wanda likita ya ƙayyade wa abinci saboda ciwon hanji, ya dace ya sha nonon da aka bari ya yi tsami ba a dafa ba? A ƙasar Gwandu, inda fura da nono ce cimar rana, wannan ba ƙaramar tambaya ba ce.

Madarar saniya tana ɗauke da wani sukari da ake kira laktos, kusan kashi 5 cikin 100. Kusan kowane jariri yana narkar da shi, amma yawancin mutanen duniya suna rasa wannan ƙarfin bayan yaye. A 1971 Norman Kretchmer da abokan aikinsa, ciki har da Olikoye Ransome-Kuti, suka buga binciken da suka yi a Najeriya. Sun gano mafi yawan Fulani makiyaya suna narkar da laktos har girmansu, Yarbawa da Ibo kuwa kusan babu mai iyawa. Hausawa da dama ma ba sa iyawa. Shi ya sa arɗo zai sha ɗanyar madara ya tashi garau, maƙwabcinsa manomi ya sha rabin ludayi ya kwana cikinsa na ƙugi.

Tsami yana taimako a nan. Ƙwayoyin halittar da ke tsamar da nono laktos ɗin suke ci. Sai dai tsamin kwana ɗaya a ƙwarya rage shi kawai yake yi. Tsarin abincin masu ciwon hanji da likitan yara Sidney Haas ya fara a Amurka, wanda Elaine Gottschall ta yaɗa da littafinta na 1994, ya hana madara, ya yarda da yogot, amma bisa sharaɗi: a dafa madarar, a zuba mata iri, a bar ta da ɗumi awa 24 cur. Tsarin ya hana hatsi ma, gero da dawa duka. Wato ko nonon ya tsallake, fura ba ta tsallake ba. Ni dai ban ga yadda Bakabe zai rayu a kan irin wannan doka ba, kuma hujjar amfaninta ba ta yi ƙarfin da za a ce kowa ya bi ba.

Abin da ya fi damuna shi ne rashin dafawa. Ana cewa tsami yana kashe cuta. Yana rage wasu, gaskiya ne, amma ba abin dogaro ba ne. Bakkale, cutar da ke sa shanu ɓari da kumburin gwiwa, tana shiga mutum ta ɗanyar madara, ta sa zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, da gumin dare da ciwon gaɓɓai, a yi ta shan maganin cizon sauro a banza. Tarin fuka na shanu ma ta nan yake bi, kuma sau da yawa a wuya ko a hanji yake sauka. Akwai kuma ƙwayoyin gudawa masu jure tsami. Lafiyayyen saurayi yana iya sha ya wuce. Mai gyambo a hanji, musamman wanda ke shan maganin da ke rage garkuwar jiki, da mai juna biyu, da ƙaramin yaro, ba haka abin yake gare su ba.

Kuma ba sai mun je Amurka neman mafita ba. Mai kindirmo tana dafa madara, ta bari ta huce, ta zuba ɗan na jiya, ta rufe. Abin da Gottschall ta rubuta ke nan, illa tsawon lokacin. A masana'anta zafin digiri 72 na daƙiƙa 15 ya wadatar, tafasa a murhu kuwa ta zarce haka. Don haka amsata ita ce: ɗanyen nono bai dace da marar lafiya ba, kindirmon da ya yi yini da kwana ya fi, a fara da cokali biyu a ga yadda ciki zai karɓa. Ga masu olsa kuma, nono yana kwantar da raɗaɗi na ɗan lokaci ne kawai. Tun da Barry Marshall da Robin Warren suka gano ƙwayar cutar da ke haddasa yawancin gyambon ciki, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2005, gwaji da magani a asibiti, a Kalgo ko Birnin Kebbi, su ne hanya.

Iyayenmu mata, saura maganar ruwa. Tsalar da aka cire wa mai, aka ƙara mata ruwa da garin ƙwallon kuka don ta yi kauri, lafiyarta tana ga ruwan da aka zuba. In na tabki ne ko na rijiya marar murfi, dafawar da aka yi ta tashi a banza. A tafasa ruwan damun, a wanke ƙwarya da ludayi da ruwan zafi, a shanya su a rana.