Ciwon da ke Hawowa daga Ƙafa

Akwai wani ciwo, ba shi da yawa, sunansa Giyan-Bare. Bayan zawo ko mura da mako biyu ko uku, sai ƙafafu su mutu, kasala ta yi ta hawowa sama. Ba sammu ba ne. Dakarun jiki ne suka yi kuskure, suka kankare rigar jijiyoyi.

A babban asibiti likita yakan sa 'yar wutar lantarki a fata, ya auna gudun saƙo cikin jijiya. Lafiyayya takan kai mita 50 a sakan guda, mai ciwo ba ta kaiwa. Zafin awon kaɗan ne.

Kada ku jira, gama in ciwon ya kai ƙirji numfashi yakan gagara. Yawancin waɗanda aka kai da wuri sukan warke. Allah ya ba mu lafiya.